Diskin da Ke Cikin Jakata

Litinin, 2 ga Maris, 1998, ƙarfe 4:30 na yamma

An soke jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida. Ana cikin rubuta Lissafi aka kama takardar tambayoyin Bayoloji na gobe a cikin safar wata yarinya, Zulai'atu. Firinsifal, Malam Usman, ya sa aka buga ƙararrawa aka kwashe takardu. Yara sun tsaya ƙarƙashin darbejiya har azahar, ba wanda ya ce su tafi.

Takardar irin ta firinta ce, mai huda-huda a gefe biyu. Firinta ɗaya ce a makarantar nan, tana ɗakin kwamfuta, makullin ɗakin kuma yana hannun Malam John.

Ni na buga tambayoyin. Shekara goma sha ɗaya ina buga su da tafireta a kan sitensil, mu gurza a ofis, hannu duk tawada. Bana aka ce a gwada kwamfuta. Na buga, firinta ta huda sitensil, muka gurza. Malam John ya nuna mini yadda ake ajiye aiki a diski a goge shi daga cikin injin, na yi hakan. Doka ita ce diskin ya zauna a durowar Firinsifal.

Ba wanda ya tambaye ni inda ya zauna.

Talata, 3 ga Maris, ƙarfe 6:15 na safe

Na duba jakata. Diskin yana nan, cikin aljihu mai zif. Ina jin a aljihun gaba nake sa shi, tare da biro. Wataƙila na manta ne.

Talata, ƙarfe 3 na rana

An sa wa ɗakin kwamfuta sabon kwaɗo. An kafa kwamiti na mutum huɗu. Zulai'atu ta ce ƙarƙashin benci ta tsinci takardar. Sau uku aka tambaye ta, sau uku ta faɗi haka. An kora ta gida sai an neme ta.

Malam John ya miƙa makullinsa a gaban kowa a ofishin malamai. Ya cire shi daga zaren da yake ratayawa a wuya, ya ajiye kan tebur, ya naɗe zaren ya sa aljihu. Ni ina gyara ribon ɗin tafireta.

Alhamis, 5 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Ba aiki sosai, sai zama. Bari in rubuta yadda ɗakin nan yake, don ina ganin ba za a sake buɗe shi ba.

Kwamfuta biyar ne, wata ƙungiya ta ba mu bara, da janareto ƙarami. Wata shida suna cikin kwali, don ba wanda ya iya. Sai aka kawo Malam John, ɗan wani ƙauye a kan tudu can bayan Wara, ya yi karatu a Kaduna. Ba ya koyarwa irin tamu. Ba ya rubuta wa yara komai su kwafa. Yakan zaunar da su huɗu-huɗu gaban inji ya ce su taɓa, in ya lalace shi zai gyara. Akwai wani faifai da yake sa musu, zuciyar mutum tana bugawa a kan gilashi, jini yana shiga yana fita. Malamin Bayoloji da kansa ya tsaya a taga yana kallo, ya ce shekara tara yana zana abin nan a allo bai taɓa ganin yana motsi ba.

Sai aikin kifi. Ya ce kowace yarinya ta je bakin ruwa, ko wurin kakanta, ta tambayo sunan kifi da Hausa da Gunganci da Kambarci, inda yake kwana, watan da yake ƙwai, a zo a shigar cikin kwamfuta. Giwan ruwa, ƙarfasa, ragon ruwa, kurungu, minjirya, warangi. Sun kai tamanin da wani abu. 'Ya'yan masunta da ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba, su suka zama malamai, 'ya'yan ma'aikata na rubutawa.

Wadda ke shigar da sunayen ita ce Hafsatu, ɗiyata ta fari, 'yar aji shida. Ba na kiran sunanta da baki, a nan kaɗai nake rubutawa. Ta fi kowa saurin yatsu. Ran Asabar yakan buɗe mata ɗakin ta yi aikin.

Ita ce ta ɗaya a ajinsu tun aji ɗaya. Ba ta buƙatar ganin tambayar kowa.

Juma'a, 6 ga Maris, ƙarfe 7 na safe

Yana nan.

Asabar, 7 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Na yi wanki. A aljihun yunifom ɗin Hafsatu akwai wasu siraran takardu dunƙule, ruwa ya jiƙa su, masu huda-huda. Irin gefen da ake yagewa. Duk wanda ke shiga ɗakin nan zai iya samun irinsu a aljihu. Na zuba su a murhu.

Sabulu ya kusa ƙarewa. Ruwan famfo bai zo ba, daga rijiyar maƙwabta aka jawo.

Lahadi, 8 ga Maris, bayan la'asar

Inna tana tsince shinkafa ta ce, "Asama'u, mi ya samu ɗiyar ga? Kwana ukku ba ta taɓa tuwo."

Na ce zafi ne.

Ta ce, "Awo, zahi. Ke ma zahin ne?"

Na tashi na ɗauko tsintsiya.

Talata, 10 ga Maris, ƙarfe 2:40 na rana

Kwamiti ya kira ni. Minti goma. Sun tambaye ni ranar da na buga, na ce Alhamis, 26 ga watan jiya. Sun tambaya ko na goge daga cikin injin, na ce na goge. Sun tambaya ko Malam John yana ɗakin, na ce yana nan, amma ya ba ni baya yana gyaran janareto ta taga. Ɗayansu ya ce ai an ce abin da aka goge a kwamfuta, wanda ya san ta yana iya dawo da shi. Na ce ban sani ba. Gaskiya ne, ban sani ba.

Firinsifal ya ce, "Malama Asama'u ba ta da matsala, shekararta goma sha ɗaya tana buga mana ba a taɓa jin komai ba."

Suka rubuta. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ba wanda ya tambaye ni sauran.

Alhamis, 12 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

An dakatar da Malam John har a gama bincike.

Asabar, 14 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Taron iyaye da malamai. Ɗakin taro ya cika har waje. Wani dattijo mai sayar da kayan jirgin ruwa ya ce tun farko bai yarda da akwatin da ke tuna abu bayan an goge ba. Wani ya ce a mayar wa masu shi. Wani ya ce shi ba injin ne damuwarsa ba, wanda aka ba makulli ne, kuma kowa ya san daga inda ya fito. Nan aka ɗan yi hayaniya, wani fasto ya miƙe, limamin makaranta ya kama hannunsa suka zauna tare.

Wata mata Bagunga, mai ƙyafa kifi, ta ce ita ba ta san komai ba, amma ɗiyarta ba ta taɓa tambayarta wani abu na makaranta ba sai da malamin nan ya zo. Yanzu kullum sai ta zauna gefen banda tana tambaya tana rubutawa. Ta ce, "Ni dai a bar musu abinsu." Aka wuce magana ta gaba.

Ni aka ba rubuta bayanin taro. Shafi huɗu.

Lahadi, 15 ga Maris, ƙarfe 7 na safe

Hafsatu ta sha koko rabin kofi.

Talata, 17 ga Maris, bayan la'asar

Na je bakin ruwa sayen kifi. Jirage sun dawo da wuri, iska ta hana su. Malam John yana zaune kan wani jirgi da aka kifa, da littafi a cinya, wani tsoho yana faɗa masa wani abu yana rubutawa. Na so in bi ta wurin masu gishiri, sai ya gan ni ya taso.

Muka gaisa. Ya tambayi Inna. Ya ce ya samo sunaye shida sababbi, yana ajiyewa a littafi tukuna. Sai ya ce, "Malama, akwai abin da ban koya miki ba. Injin nan yana riƙe sunayen abin da aka buɗe na ƙarshe, ya kuma nuna ko daga diski aka buɗe. Na duba ran Litinin ɗin nan kafin su karɓi makulli."

Na ce to.

Ya ce, "Ran Asabar ɗin kuwa mutum ɗaya na buɗe wa ɗakin, na tafi cocinmu gyaran benci."

Na ce to.

Ya ce, "Saura wata biyu su rubuta ta ƙarshe. Ni ina da takardata a hannu, ko an kore ni zan samu wani wuri. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Na dai ga bai kamata in sani ke ba ki san na sani ba."

Na ce ƙarfasa ta yi tsada yau. Ya ce iska ce.

Na dawo gida ban sayi kifin ba. Miyar kuka aka yi.

Laraba, 18 ga Maris, ƙarfe 6 na safe

Ciwon kai ne ya sa na tafi da diskin gida ranar da na buga tambayoyin. Firinsifal ya riga ya fita, ofishinsa a kulle, na ce gobe zan kai. Gobe ta zo na manta. Daga nan jin kunyar kaiwa a makare. Wannan nawa ne, ba na kowa ba.

Laraba, ƙarfe 3 na rana

'Yan aji huɗu sun zo darasin tafireta. Guda tara ke aiki cikin ashirin. Wata ta tambaye ni yaushe za a buɗe ɗaya ɗakin. Na ce ta gyara zamanta.

Juma'a, 20 ga Maris, ƙarfe 5:30 na yamma

Loveth, matar Malam John, ta zo gida. Ban taɓa ganinta a unguwarmu ba. Cikinta ya tsufa, da ƙyar ta zauna kan tabarma. Inna ta kawo mata ruwa da kunun zaƙi.

Ta ce, "Mama, ba wani abu ya kawo ni ba. An ce ke kike buga takardun makaranta, na ce ko kin ga tasa." Na ce ban gani ba. Ta ce mai gidan da suke haya ya fara cewa ba ya son ɓarawon jarrabawa a gidansa. Yaran unguwa suna bin John da waƙa. Ta ce, "Na san shi. In ya yi laifi ba ya iya cin abinci. Yanzu yana ci, yana barci, amma akwai abin da yake ɓoye mini. Na tambaye shi wa yake karewa, ya ce in bar maganar."

Hafsatu tana cikin ɗaki, labule ne kawai tsakaninmu.

Da za ta tafi na raka ta har bakin titi. Ta ce na gode, Mama, ke kaɗai kika karɓe ni da fuska. Na tsaya har ta hau mashin.

Asabar, 21 ga Maris, ƙarfe 10 na safe

Na fito da diskin daga jaka na ajiye kan tebur inda Hafsatu take karatu, na tafi kicin. Da na dawo yana nan, ita kuma ta juya fuskarta bango.

Na ce, "Ke."

Ta ce, "Na'am, Mama."

Na ce, "Don wa?"

Ta ce Zulai'atu sau biyu tana faɗuwa Bayoloji, babanta ya ce in ba ta ci gwaji ba ba zai bari ta zauna ta ƙarshe ba. Sai kuma ta ce ba shi ke nan ba. Ta ce da ta sa shi a inji ba ta yi niyyar bugawa ba, so take ta ga ko zai buɗe. Da ya buɗe sai ta ji daɗi. Ta ce, "Wallahi Mama daɗi na ji. Ban san me ya sa ba."

Ban doke ta ba. Ban taɓa ba, tun rasuwar babanta. Na ce ta tashi ta yi wanka.

Lahadi, 22 ga Maris, bayan azahar

Na zauna gaban tafireta ta gida na buga wasiƙa zuwa ga kwamiti. Na ce ni na tafi da diskin gida saɓanin doka, ya kwana huɗu a jakata kafin jarrabawa, kuma ban san wanda ya taɓa shi ba. Na karanta sau biyu. Layi na ƙarshe ne kawai ƙarya. Na bar shi.

Inna ta ce, "Takardar mi kike bugawa ran Lahadi?" Na faɗa mata duka. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Kin ɗauke wa ɗiya kaya, to. Shi bawan Allah, wagga takarda taki ta wanke shi?" Na ce za ta rage. Ta ce, "Rage wanki ba wanki ba ne."

Litinin, 23 ga Maris, ƙarfe 6:20 na safe

Wasiƙar tana cikin jaka. Ban ga Hafsatu ba, Inna ta ce ta riga ta fita, ba ta sha koko ba.

Litinin, ƙarfe 2 na rana

Na isa ƙarfe bakwai da rabi. Takalminta na gani a ƙofar ofishin Firinsifal. Na tsaya a baranda kusan rabin awa. Ina jin muryarta ba na jin kalmomin. Ba ta yi kuka ba, ko ban ji ba.

Da ta fito ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba daga gida ɗaya muka fito ba, ta wuce. Na shiga. Malam Usman ya cire tabarau yana murza ido. Ya ce, "Malama, ta ce daga jakarki ta ɗauka kina salla, ba ki sani ba." Na ce na sani tun ran uku ga wata. Na ba shi wasiƙar, na karɓi bironsa na soke layin ƙarshe a gabansa.

Ya ce, "Da kin yi shiru, maganarta ta ishe ki." Na ce na yi shiru kwana ashirin da ɗaya.

Alhamis, 26 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

An kore su, ita da Zulai'atu. An cire sunanta daga masu jarrabawar watan Mayu. In tana so ta yi ta 'yan waje a ƙarshen shekara.

Juma'a, 27 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

An karanta takardar wanke Malam John a taron safe, layi uku. Yara sun yi tafi, aka tsawatar musu. Ya karɓi makulli, amma kwaɗon kwamiti yana nan sai ma'aikatar ilimi ta rubuto.

A ofishin malamai kujerar da ke kusa da tawa ba kowa. Ya zo ya zauna a kai. Na ce, "Malam John, ka yafe mini." Ya ce, "Ba haka na so ya ƙare ba, Malama." Na ce na sani. Ya ce Loveth ba ta son jin sunana yanzu, in ba ta lokaci. Na ce tana da gaskiya.

Talata, 31 ga Maris, ƙarfe 12 na rana

Takardata ta zo. An mayar da ni Shanga, bayan hutun Salla.

Alhamis, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Loveth ta haihu, namiji. Inna ta dama kunun kanwa ta kai da kanta. An karɓa.

Litinin, 20 ga Afrilu, Shanga, ƙarfe 5 na yamma

Ɗaki biyu muka samu, bayan gonakin shinkafa. Inna ta ce ruwan nan ya fi na Yelwa da muka baro daɗi.

Makarantar ba wuta. Tafireta ɗaya ce, ta ofis. Sabon firinsifal ya karanta fayil ɗina a gabana. Ya rufe ya ce, "An ce kin taɓa kwamfuta." Na ce kaɗan. Ya ce an yi musu alkawarin guda biyu, bai san ranar zuwansu ba, amma yana so in sun zo su tarar da yara sun san inda haruffa suke. Ya ba ni aji uku, yara sittin da biyu.

Na biya ta shagunan kasuwa na roƙo kwalayen taliya. Na yanka su, na fara zana maɓallan da biro da rula. Layin haruffa na sani a yatsuna. Sauran na sama da na gefe, waɗanda tafireta ba ta da su, na rasa jerinsu.

Hafsatu tana zaune bakin ƙofa da littafin Kimiyya a buɗe, ba ta juya shafi ba tun azahar. Na yi ɗaya na ɓata, na yi na biyu. Ta taso ta tsaya a kaina. Ta ce, "Mama, wannan ba nan yake ba. A kusurwa yake, shi kaɗai." Na miƙa mata biron.

Mun yi goma sha huɗu kafin magariba. Saura arba'in da takwas, kwali kuma ya ƙare. Ta ce gobe ita za ta je kasuwa ta roƙo.